Tsohuwar Land Cruiser 80: yadda ake duba ta, nemo kayanta da tada ta

Toyota ta ƙera Land Cruiser samfurin 80 a Japan daga 1990 zuwa 1997, don haka mafi yawan waɗanda ke kasuwa yau sun kusa shekara 30 ko sun zarce. Masu shiga daji da rairayi har yanzu ita suke nema, saboda aksil ɗinta gaba da baya sandar ƙarfe ce guda, kuma lantarkinta kaɗan ne. Sai dai dillali ya san fenti da sabuwar rigar kujera ne ke sayar da mota, alhali kuɗin gyaran wannan jif a ƙarƙashinta yake kwance. Ka je da makanikenka, da tocila, da kwalin da za ka kwanta a kai.

Takardu tukuna. Lambar shasi a buge take a jikin ƙarfen shasin ta wajen tayar gaba ta dama. Goge wurin, ka gwada ta da ta farantin da ke ɗakin inji da ta takardar kwastan. In ka ga alamar walda ko goge a kewayen lambar, ciniki ya ƙare. Haruffan samfurin suna gaya maka injin da ta fito da shi: FJ80 da FZJ80 na fetur ne, HZJ80 gas ne marar tabo (turbo, na'urar da ke ƙara wa inji iska), HDJ80 gas mai tabo. HDJ81 kuwa ta kasuwar Japan ce, sitiyarinta a dama ya zo, in ka gan shi a hagu juya shi aka yi, kuma da wuya a sami wanda aka juya da kyau.

A zaɓin inji, 1HZ na gas marar tabo mai lita 4.2 ya fi sauƙin riƙo. Ba shi da gudu, a hawa sai ka yi haƙuri, amma an daɗe ana sa shi a Land Cruiser samfurin 70, don haka kayansa ba sa yankewa. 1FZ-FE na fetur mai lita 4.5 ya fi ƙarfi da laushi, ga shi da sarƙa maimakon bel ɗin taimin, sai dai yana shan mai ba wasa. 1HD-T na gas mai tabo yana ja sosai, amma an san na farkonsa da cinye metal na ƙasan konrod (sandar da ke riƙe fistin), wanda ya saya ya buɗe kaskon mai ya canja su kafin ya yi nisa.

Ka nemi a bar maka motar da sanyinta. Taɓa injin da hannu kafin a tayar. In da ɗumi, an riga ka ne don a ɓoye wahalar tashi. Buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, a tayar, ka zuba ido. Kumfa da ke tasowa ba tsayawa alama ce ta gasket ɗin tof ya ƙone ko tof ɗin ya tsage. A 1FZ-FE wajen silinda ta 6, can ƙarshen inji, ya fi yawan ɓallewa. Sannan cire murfin baƙin mai injin na aiki: ɗan huci ba laifi, amma in yana busa hayaƙi har murfin na tsalle in an aza shi, rin ɗin fistin ya tafi. Shuɗin hayaƙi a salansa mai ne ke ƙonewa. Baƙi a injin gas yawanci nozul ne ko matatar iska da ta toshe, wannan mai sauƙi ne.

Yanzu kwanta. Motar da ta zo daga Amurka ko Turai ta sha gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, to ƙwanƙwasa shasin da guduma ƙarama, musamman ƙarfen da ya gitta a baya da wuraren da sifirin ke zama. Tsatsar sama ana gogewa, wadda ta fara ɓarewa falle-falle ba ta da magani mai araha. Ta ƙasashen Larabawa ba ta cika tsatsa ba, rana ce ta gasa robobinta da wayoyinta. Ka haska inda akwatin sitiyari ya kama shasi, wurin yana tsagewa, a sa wani ya riƙa kaɗa sitiyarin kana kallo.

Daga nan sai ƙwallayen aksil na gaba, inda wannan mota ta fi cin kuɗin mai ita. A bayan kowace tayar gaba akwai dunƙulen ƙarfe, cikinsa mahaɗar da ake kira Birfield tana iyo a giris. Wani ƙaramin sil ne ya raba girisin da man giyar aksil. In ya mutu, man ya gangaro ya narkar da girisin, sai ka ga baƙin ruwa kamar kunu yana ɗiga a cikin taya. In kuma ƙwallon ya bushe ƙayau har da tsatsa, babu giris ke nan, ya fi na farko muni. A fili mai ƙasa, murɗa sitiyari har ƙarshe ka ja a hankali. Ƙas-ƙas-ƙas na nufin mahaɗar ta ci. A nan kuma za ka gwada ƙaramar giya, da makullin aksil in motar na da shi. Fitilarsa za ta yi ƙyaftawa sannan ta tsaya cak. In ta ci gaba da ƙyaftawa bai shiga ba, sau da yawa don an shekara ba a taɓa shi ba. Kada a yi wannan gwaji a kwalta.

In an daidaita, ware kuɗin gyara daban tun kafin ka biya la'ada, kuma kada fenti ya taɓa shi.

Wajen kaya, a Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo, a Legas Ladipo. Ka riƙa tafiya da lambar shasi da tsohon kayan a hannu, domin 80 ba iri ɗaya ba ce: daga ƙarshen 1992 an ƙara girman burki, kuma mahaɗar gaba ta bambanta tsakanin mai jan ƙafa huɗu kullum da mai makullin hob a cibiyar tayar gaba. Lexus LX450 ta 1996 da 1997 ita ce 80 mai fetur da wata riga, yawancin kayan ƙasanta suna shiga. Samfurin 105 ya yi kama da ita, amma ƙafarsa noti 5 ce, ta 80 kuwa 6.

Ƙa'idar sayen kaya gajeriya ce. Ƙarfe, Beljiyam ya wadatar: giyabos, aksil, furofela, ƙofa, akwatin sitiyari. Duk abin da yake roba ko mai juyi, sabo: sil, tiyo, bel, boris, famfon ruwa. Tiyon Beljiyam ma shekara 30 gare shi. Ba dole sai kwalin Toyota ba, kamfanonin da ke yi mata kayan suna sayarwa da sunansu: Aisin a famfon ruwa da kulocin fanka, Koyo a boris, Denso a kik da fulogi, NOK a sil. Jabu ya yi yawa, kwalinsa ma wani lokaci ya fi na gaskiya kyau. Dubi rubutun da aka buga a jikin ƙarfen, kuma farashin da ya faɗi ƙasa da rabi ya isa gargaɗi.

Aiki ya fara daga sanyaya inji, don zafi ne ke kashe waɗannan injuna. Lagireton da kan robarsa ya koma ruwan ƙasa ya kusa fashewa, a canja. A canja tiyo duka, har da wani ɗan guntu da ke ɓoye a bayan injin 1FZ-FE ta gefen hagu, wanda ke fashewa ya zubar da ruwa direba bai sani ba. In an cire tamostat, kamar yadda makanikai da dama ke yi wai don ƙasarmu da zafi, a mayar da sabo: in babu shi, wani ruwan yana zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi lagireto ba, injin kuma ba ya zama a zafin da aka tsara masa. Kulocin fanka da ke juyawa sakaka bayan injin ya yi zafi ya mutu. Zuba jan ruwan lagireto haɗe da tataccen ruwa rabi da rabi, ban da ruwan rijiya, gishirinsa ke toshe ramukan.

Mai injin gas ya canja bel ɗin taimin da abin ɗaure shi nan take, ko me mai sayarwa ya rantse. Wa'adinsa kilomita 100,000 ne, fitilar da ke tunatarwa kuma ana kashe ta da hannu ba tare da an canja komai ba. In ya tsinke, fistin zai daki bawul. Baƙin mai kusan lita 7 da rabi ne a 1FZ-FE, 1HZ kuma yana cin tsakanin 9 da 10, ana juye shi duk kilomita 5,000. Matatar gas tana da mazubin ruwa a gindinta, a riƙa tsiyaye shi, musamman in ana shan man jarka. Aksil biyu suna son 80W-90 GL-5, kusan lita 3 kowanne. Kullum kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada ka zubar da mai sannan ka tarar na saman ya ƙi kwantuwa.

Gyaran ƙwallayen gaba aikin yini ne, kuma a yi ɓangare biyu tare. Ana sayar da kayansa a haɗe: sil na ciki, gasket, sosunan goge ƙwallo, boris na sama da ƙasa, da na ƙafa. A wanke tsohon giris tas. Cikin ƙwallon baƙin giris mai moli ake sawa har kusan kashi 3 cikin 4, boris ɗin ƙafa kuma girisin boris mai jure zafi. A mayar da siraran faifan daidaitawa inda aka same su, in an rikita su sandar aksil za ta karkace ta cinye sabon sil. Noti 4 da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan ƙwallon a ɗaure su a ma'aunin Nm 96, a sake dubawa bayan tafiyar farko, in suka kwance taya ce ke ficewa. A busa ɗan bututun numfashin aksil ma, toshewarsa ce ke tura mai ya ketare sil.

Burki: sabon mai DOT 3, sabon tiyon roba, a tabbata fistin ɗin kalifa ba su maƙale ba. Sai bushin da shokazoba, in motar na yawo a hanya. Taya huɗu su zama girma ɗaya da ci ɗaya, 275/70R16 a da yawa daga cikinsu, domin a mai jan ƙafa huɗu kullum bambancin taya yana wahalar da giyar tsakiya. Fanabita da mai fenti su jira sai motar ta yi kilomita 1,000 allurar zafi ba ta motsa ba, ƙasanta kuma ba ɗigon mai.