Yadda na gyara birkin kekena mai batir

Kekena na hawan dutse mai batir ya kai kilo 24, kusan ninki biyu na wanda na saba hawa. A doguwar gangara sai birki ya yi zafi, ya dinga ƙugi, hannun birkin kuma ya yi laushi har ya kusa taɓa kan keken.

Da farko na zaci fatar birki ce ta cinye. Na canza, shiru. Ashe faifan birkin, wato farantin ƙarfen da fatar ke matsewa, shi ne ya yi wa nauyin ƙanƙanta. Na cire mai milimita 180 na sa mai 203, da ɗan ƙarfen da ke ɗaga mazaunin birkin ya dace da sabon faifai. Na sa fata mai haɗin ƙarfe, don ta fi jure zafi, sannan na fitar da iskar da ta shiga cikin man birki. A nan a kula: birkin kamfanin Shimano man ma'adini (mineral oil) yake sha, in ka zuba masa DOT, wato irin man birkin mota, robobin ciki za su lalace. Kafin in koma dutse na yi ta taka birki a fili, sau ashirin, har fatar ta kama faifan.

Shokazoba kuwa sakacina ne, ban taɓa auna ta ba. Na hau da kayana, na ƙara iska da ƙaramin famfonta har nutsewar da ta baya ke yi in na zauna ta tsaya a kashi 30 cikin ɗari na iyakar nutsewarta, ta gaba 20. Yanzu gaban keken ya daina dulmiya in na kama birki.