Kurakuran da ke sa fuskar jan bulo ta ɓanɓare

Duk bangon jan bulo da ka ga fuskarsa tana ɓanɓarewa, garinsa yana taruwa a gindin katanga, ruwa ne ya shige shi ya rasa hanyar fita. Bulo yumɓu ne da aka ƙona, yana shan ruwa yana fitar da shi, yadda randa take tsattsafo. Idan ruwan ya daɗe a ciki, gishirin da ke cikin ƙasa da siminti sai ya narke ya bi shi, ya daskare a ƙarƙashin fatar bulon, ya turo ta waje. A ƙasashen da ake ƙanƙara kuwa, ruwan ne da kansa yake daskarewa, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari, ya fasa fuskar.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne shafa wa bango fentin mai, ko wani sinadari mai sheƙi, da sunan hana ruwa shiga. Mai gida ya ga farin gishiri ya fito, sai ya kira mai fenti a rufe. An toshe ƙofar fita ke nan, alhali ruwa bai daina shiga ba: yana zuwa ta saman katanga, ta tsaga, ta fandisho. Damina ɗaya ko biyu, fentin ya kumbura, ka sa yatsa ka danna, ya ɓalle tare da fatar bulon manne a bayansa. Wannan fata ita ce ta fi ƙonuwa a wuta, ita ce mai ƙarfi. Da zarar ta tafi, cikin bulon mai laushi ya fito fili, ɓarnar ta ninka. Don Allah a daina! Kafin ka shafa komai, manna leda mai faɗin rabin mita a bangon, ka liƙe gefunanta huɗu, ka bar ta kwana biyu. In ka ga gumi a cikinta, bangon jiƙe yake, neman inda ruwa ke shiga ne aikinka, ba fenti ba. In ya zama dole a yi shafe, a nemi sinadarin da ake kira silokzen, wanda yake shiga cikin bulo ya kori ruwan sama amma ya bar tururi ya fita. A busasshen bango ake sa shi, bayan an gyara duk tsaga, domin ba ya cike rami. Ni dai ban ga amfaninsa a bangon da ke da lafiya ba.

Na biyu, na birkila ne. Layin kwaɓin da ke tsakanin bulo ya zaizaye, sai a kwaɓo siminti ɗaya yashi uku, a cusa, a ce an yi aiki mai ƙarfi. Ƙarfin nan shi ne matsalar. Ƙa'ida ita ce kwaɓi ya fi bulo laushi, ta yadda danshi da gishiri za su bi ta layin su fita, shi ya lalace a madadin bulon, tunda sake layi ya fi sauya bulo sauƙi nesa ba kusa ba. Idan layin ya fi ƙarfi, ruwa ya koma fita ta bulon. Alamar ba ta ɓuya: layukan siminti tsaye cak sun yi tozo, bulon da ke tsakaninsu ya lotsa ciki. Ga bulo na zamani, awo ɗaya na siminti, ɗaya na farar ƙasa da aka kashe zafinta da ruwa, shida na yashi. Ga tsohon bulo mai laushi, ɗaya, biyu, tara. Kuma a daina shafa kwaɓi a kan tsohon layi a ce an gama. A kankare tsohon har zurfin ya kai ninki biyu na kaurin layin, wato kamar santimita 2, a share ƙura, a yayyafa ruwa, a cusa sabo kaɗan-kaɗan ana dannawa. Idan ya fara kamawa sai a bi shi da lanƙwasasshen ƙarfe ya ɗan lotsa, don ruwa ya zame. A riƙa yayyafa masa ruwa na kwana uku, kada rana ta busar da shi da wuri ya tsattsage.

Sai gindin bango. Shimfiɗar hana danshi da ake sawa a saman fandisho ya kamata ta ɗara ƙasa da aƙalla santimita 15. Amma sai a zo a ciko ƙasa, ko a yi daɓe, ko a jera furanni ana ba su ruwa safe da yamma, har a binne ta. Danshi ya haye ta sama, layuka uku ko huɗu na ƙasa su fara marmashewa. A janye ƙasar, a gangarar da fili nesa da gida, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko.

Indararon da ke zuba a jikin bango, a ƙara masa bututu ya sauke ruwan nesa. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki.

Saman katanga a yi masa hula mai ɗan fitowa, da siririn kwari a ƙarƙashin leɓenta don ruwa ya ɗiga ƙasa maimakon ya bi jikin bango.

Farin gishiri, busasshen buroshi ake sa masa a kwashe. In ka wanke da ruwa, narkar da shi ka yi ya koma ciki. Injin feshin ruwa mai ƙarfi da asid kuwa, fatar bulon suke ci.

Ƙananan ramukan da ake bari a layin ƙasa na bango mai ruɓi biyu, ba mantuwar magini ba ce, mafitar ruwa ce, kada a toshe.

Bulon da ya riga ya ɓanɓare sosai ba a lulluɓe shi da filasta. A sassaƙe layin da ke kewaye da shi, a ciro shi. In bayansa na da lafiya a juya shi a mayar, in babu a sa sabo mai irin girmansa da ƙonuwarsa.