Kurakuran da aka fi yi wajen canja wa motar gida shoka

Motar gida, wato irin wadda aka gina wa ɗaki a kan shasi, da gado da wurin girki da banɗaki, tana da halin da ƙaramar mota ba ta da shi. Ga tsawo, ga tsayi, ga faɗin jiki da iska ke duka. Motar dakon kaya takan je da lodi ta dawo wayam, ita kuwa wannan ɗakin da ke kanta kaya ne da ba a taɓa sauke mata, kuma sau da yawa nauyinta na dab da iyakar abin da shasin zai iya ɗauka. Don haka da zarar ta fara rangaji a hanya, ko ta riƙa sunkuyawa tana ɗagowa bayan ta hau gada, abin da ke fara zuwa wa mai ita a rai shi ne ya sayo sababbin shokoki masu tsada. Wani lokaci hakan ne maganin. Wani lokaci kuma kuɗi ne za su tafi, motar ta ci gaba da halinta.

Babban kuskuren da sauran suke fitowa daga cikinsa shi ne ɗora wa shoka aikin da ba nata ba. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, ko na faranti ne, ko na murɗe, ko jakar iska. Idan taya ta faɗa rami sifirin ya matse, sai ya saki, kuma da za a bar shi da ya yi ta yin sama da ƙasa har ƙarfinsa ya ƙare. Shoka ce ke kashe wannan tsalle. A cikinta akwai fistin da ke tura mai ta wasu ƙananan ƙofofi, wahalar da man ke sha wajen wucewa ita ke cinye ƙarfin motsin ta mayar da shi zafi. Iyakar aikinta ke nan. Saboda haka idan bayan motarka ya zauna, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya yin ƙasa alhali tana tsaye a wuri mai daidai, sifirin ne ya gaji ko kaya suka yi yawa. Sabuwar shoka ba za ta ɗaga ta ba.

Haka batun kwanciya a kwana. Shoka mai kyau tana rage saurin da mota ke karkata, tana kuma hana ta yin rangaji dama da hagu bayan ta fito daga kwanar ko ta hau tudun bakin hanya a karkace. Amma a doguwar kwana, inda motar ta riga ta kwanta ta tsaya a haka, fistin ba ya motsi, shokar ba ta da abin yi. Yawan kwanciyar yana hannun sifirin da sandar nan ta ƙarfe da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu, wadda bakanikai ke kira sitabilaiza. Robobin da ke riƙe da ita sukan cinye, kuma canja su ba ya kai kuɗin shoka ɗaya. Idan kuma abin da ke damunka shi ne bayan motar ya riƙa kaɗawa duk lokacin da tirela ta wuce ka, ko sitiyari ya riƙa neman gyara kowane lokaci a miƙaƙƙiyar hanya, to ka duba saitin ƙafafun gaba, da lalatattun robobin sifirin, da kuma ko aksil ɗin baya, wato ƙarfen da tayoyin baya ke ɗaure a jikinsa, na buƙatar sandar da ke hana shi zamewa gefe. Masu manyan motocin da aka gina a kan shasin Ford F-53, mai sifirin faranti gaba da baya, sun san wannan sanda sosai.

Kuskure na gaba, wanda a ganina ya fi kowanne tsada, shi ne sayen shoka ba tare da an auna motar ba. Mutane da yawa ba su san nauyin motarsu ba, sun dai san abin da aka rubuta a takarda ranar da ta fito daga masana'anta. Tun daga ranar an ƙara batura, an ƙara rumfa, an ƙara faifan sola, ga tukunyar gas, ga kayan sawa, ga ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 100 kuwa kilo 100 ke nan. A jikin kowace mota akwai faranti ko takarda, galibi a bakin ƙofar direba ko cikin gidan inji, da ke nuna iyakar nauyin motar gaba ɗaya da iyakar na kowane aksil. A Turai yawancin waɗannan motoci an tsayar da su a kilo 3,500 saboda a nan lasisin ƙaramar mota ya tsaya, kuma sararin da ya rage na kaya ba shi da yawa.

Abin da ake mantawa shi ne inda aka ajiye kayan. Motocin gida suna da dogon baya da ya zarce tayoyin baya, duk abin da aka ɗora a can kuwa yana danna aksil ɗin baya fiye da nauyinsa. A ce tsakanin tayar gaba da ta baya mita 4 ne, ka rataya babur mai kilo 100 a mita ɗaya da rabi bayan aksil ɗin baya. Aksil ɗin zai ji ƙarin kusan kilo 138, ƙafafun gaba kuma su rasa kusan kilo 38. Gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya fara yawo, mai mota ya ce shoka ce. Gyaran shi ne ka loda motar kamar za ka yi tafiya, da ruwa da mai da mutane, ka kai ta sikelin manyan motoci, a auna gaba daban, baya daban. In an samu wurin da ke auna kowace ƙafa ita kaɗai, ya fi, domin sau da yawa gefen da firji da tankin ruwa suke ya fi nauyi. Ka kuma sani cewa ƙara jakar iska a baya yana ɗaga motar ta daidaita, amma ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan iyakar da aka rubuta a farantin.

Daga sikeli sai taya. Lambar iskar da ke rubuce a gefen taya ita ce ta mafi girman nauyin da tayar za ta ɗauka. Mai gyaran taya yakan cika duka zuwa wannan lamba, sai motar ta riƙa dukan kowane tsagin kwalta, kwanuka na ƙara a kabad. Kamfanonin taya suna fitar da jadawalin da ke nuna iskar da ta dace da kowane nauyi. Ka ɗauki nauyin da ka samu a sikeli ka duba, ka kwatanta da abin da kamfanin da ya ƙera shasin ya rubuta, ka kuma auna iskar da safe kafin tayar ta yi zafi. Tayoyin da ke aksil ɗaya iska ɗaya ake sa musu, ta gefen da ya fi nauyi. Kada neman laushi ya sa ka rage ƙasa da abin da jadawalin ya ce, taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin irin wannan nauyi zafi take ɗauka har ta fashe. Tunda kana wajen, duba lambobi huɗun ƙarshe na lambar da ta fara da DOT a gefen taya, su ne ke nuna lokacin da aka ƙera ta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar motar gida takan tsufa ta bushe tun zanenta bai cinye ba.

To, a ce an yi duk wannan. Ta yaya za a san shokar ce ta mutu? Gwajin da aka saba, na danna kusurwar mota a saki a ga sau nawa za ta yi tsalle, ba ya aiki a nan, domin babu mai ƙarfin da zai motsa tan huɗu ko goma da hannu. A hanya ake ganewa. Idan ka wuce tudu ko kwari, lafiyayyiyar mota za ta sauka ta ɗago ta nutsu. In ta ci gaba da yin sama da ƙasa kamar jirgi a kan igiyar ruwa, shoka ta saki. Gaba ya riƙa nutsewa sosai in an taka birki, ko taya ta cinye rami-rami a zagaye, duk alamu ne. Ka leƙa ƙasa da tocila. Ɗan damshin mai da ƙura ta manne a kai a saman shoka ba laifi ba ne, wasu sukan canja lafiyayyiya saboda shi. Man da ya zubo ya jiƙa jikinta har ƙasa shi ne matsala. Wasu masu ƙera shoka suna ba da shawarar a fara tunanin canji a wajen kilomita 80,000, amma kada ka dogara da mita kawai. Motar gida takan yi watanni a ajiye, sandar fistin ta yi tsatsa, robar da ke tare mai ta bushe, sai shoka ta lalace a motar da ba ta yi wata tafiya ba.

Wajen saye, kuskuren da aka fi yi mai sauƙin kaucewa ne: neman shoka da sunan kamfanin da ya gina ɗakin. Shasin ne abin dubawa. A Turai yawanci Fiat Ducato ne, ko 'yan uwansa Peugeot Boxer da Citroën Jumper, ko Mercedes Sprinter. A Amurka akwai Ford E-350 da E-450 da F-53, da Freightliner a manyan masu injin dizal a baya. Shekarar shasi takan riga shekarar ɗaki, don haka da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 ake nema. Akwai kuma tarko ga masu Ducato: wasu kan motar ne kawai na Fiat, bayan kuma shasin wani kamfani ne mai suna AL-KO, mai nasa tsarin dabam, shokar Ducato ta baya ba za ta shiga ba. Tsawon shoka ma yana da muhimmanci. Gajera za ta riƙa kai ƙarshen miƙewarta tana fizgar mazauninta, doguwa kuma ta riƙa buga ƙasanta kafin robar da aka tanada don tare aksil ta yi aikinta.

Sai kuma tunanin cewa wadda ta fi tauri ita ta fi kyau. Shoka iri biyu ce a jumlace. Mai bututu biyu, wadda yawancin motoci ke fitowa da ita, tana da laushi da sauƙin kuɗi, amma a doguwar hanya marar kyau man cikinta yakan yi zafi ya yi kumfa, ƙarfinta ya ragu. Mai bututu ɗaya tana da iskar nitrojin mai ƙarfi da aka raba da man, tana fitar da zafi da sauri kuma ba ta kumfa. Kamfanin Bilstein na Jamus ya yi suna da irinta tun shekarun 1950. Tana riƙe mota da kyau, sai dai wasu kan ji ta da tauri a kan ƙananan tsagogi. Kamfanin Koni na Holan yana da wata mai suna FSD, wadda ke sassautawa a kan ƙananan duka masu sauri ta kuma ƙara riƙo a kan babban motsi na a hankali irin na rangaji. Wanda tsalle da rangaji ke damu, da wanda dukan hanya ke damu, ba abu ɗaya suke nema ba. Ka fara tantance wanne ne naka. Taurin da ya wuce kima yana sassauta sukurorin kabad, kuma a hanya mai gargada yana sa taya ta riƙa barin ƙasa.

Canja ɗaya a bar ɗaya kuwa kada ma a fara. Biyu-biyu ake canjawa, dama da hagu, iri ɗaya.

Shoka mai kyau takan lalace tun ranar ɗaurawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure notin ƙarshe alhali motar na kan jak, ƙafa na reto. Robar da ke idon shoka takan kama a inda aka ɗaure ta, idan aka sauke motar sai ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa za ta tsage. A sa noti a sassauce, a sauke motar ta tsaya da nauyinta, sannan a ɗaure da sifana mai awo daidai lambar da littafin ya faɗa. Kada a kama sandar fistin da filaya, ƙaramin ƙarzane ya isa ya yanke robar da ke tare mai. Kada a sa bindigar iska a notin saman sandar, tana iya juya ta ta kwance abin da ke ciki. Mai bututu biyu da ta daɗe a kwance cikin kwali, a tsayar da ita a matsa a saki sau kaɗan kafin a ɗaura, kuma ba a ɗaura ta kai ƙasa. Mai iskar gas tana zuwa da igiyar da ta riƙe ta a matse. Ka ɗaura gefe ɗaya tukuna, sannan ka yanke igiyar ka bi da ita zuwa ramin yayin da take miƙewa, in ba haka ba za ka sha wahalar mayar da ita.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke tsaye a kan ƙafafunta na daidaita zama. Don daidaita ɗaki aka yi su, kuma suna iya saki. A sa madogaran ƙarfe masu ƙarfin ɗaukar nauyin, a tare tayoyi. Mota mai jakar iska ta fi haɗari, domin iskar na fita jikin zai sauko. A gaban Ducato shokar tana cikin murɗaɗɗen sifirin ne, cire ta sai da abin matse sifirin na kirki, aikin gareji ne, kuma bayan an gama dole a sake saitin ƙafafun gaba.

Kuskure na ƙarshe na masu zumuɗi ne: su canja shoka, su ƙara sitabilaiza, su sa jakar iska, su sauya taya, duk a mako ɗaya. In motar ta gyaru ba su san abin da ya gyara ta ba, in ta ƙara lalacewa ba su san abin da za su cire ba. Ka zaɓi hanya ɗaya da ka sani, mai kwana da gada da ɗan gargada, ka bi ta da kaya iri ɗaya da gudu iri ɗaya kafin kowane canji da bayansa. Bayan tafiyar farko da sababbin shokoki, ka sake shiga ƙasa da sifana ka tabbatar babu notin da ya saki, ka kuma duba ko jikin shokar na gogar tiyon birki ko wata waya.