Yadda ake liƙa waya a jikin zoben haƙori da azurfar liƙi

Idan yaro ya rasa turmin haƙorinsa na nono kafin lokaci, likita kan turo wa ɗakin haɗa haƙora aikin zobe da waya, domin a tsare gurbin har na dindindin ya tsiro. Ƙarfin wannan aiki duka yana wurin da aka liƙa wayar da zoben. Kada a kwatanta shi da sodar masu gyaran rediyo, domin tasu dalma ce, ita kuwa dalma guba ce a baki. Tamu ta fi kusa da aikin maƙeran fari, azurfa ce haɗe da tagulla da zinki, tana narkewa a wajen digiri 620 zuwa 665 a ma'aunin Salshiyas. A duba kwalinta a tabbatar babu kadmiyam, saboda hayaƙinsa yana lahanta huhu.

Da farko a goge zoben da wayar har su yi ƙyalli, a daina taɓa wurin da yatsa, domin maiƙo kaɗan ya isa ya hana azurfa kwanciya. A nan Katsina, lokacin hunturu, ƙura kan rufe tebur cikin sa'a guda, don haka a yi gugar dab da kunna wuta. Sai a lanƙwasa wayar, mai kaurin milimita 0.9, ta kwanta a jikin zoben bisa samfurin haƙoran yaron na filasta, a danne ɗaya ƙarshen da filasta yadda ba za ta motsa ba.

Daga nan sai fulas, wato maganin da ke share tsatsar da zafi ke haifarwa. Boraks zalla yana yi wa zinariya aiki, amma ƙarfe marar tsatsa, wanda ake yin zoben da wayar da shi, yana da kusan kashi 18 cikin ɗari na kuromiyam, kuma fatar da kuromiyam ke yi ba ta narkewa sai da fulas mai fuloraid. A shafa shi siriri. Inda ba a son azurfa ta malala, a zana layi da fensir, za ta tsaya a bakinsa.

Wuta ita ce inda na fi ganin ɗalibai suna ɓata aiki. A kashe fanka ko da zafin bazara ya kai ko'ina, amma a bar hanyar fitar hayaƙi. A daidaita tocin gas har harshensa ya zama siriri, a yi aiki da shuɗin nan da ke gaba da ɗan tsinin ciki, domin shi ne mafi zafi kuma ba ya baƙanta ƙarfe. Ƙarfen ake dumamawa, ba azurfar ba. Za a ga fulas ya kumbura ya yi fari, sannan ya kwanta kamar ruwan gilashi. A wannan lokaci ake miƙa guntun azurfa da hantsaki, zafin ƙarfen ya narkar da ita ta zagaye wayar, kasancewar kullum tana bin wuri mafi zafi. Wanda ya narkar da ita da harshen wuta kai tsaye, dunƙulewa za ta yi kamar ƙwayar gero ta ƙi kamawa.

Da zarar ta malala a janye wuta a tsoma aikin cikin ruwa. Ban yarda da ƙarin daƙiƙa ko biyar ba, domin ƙarfen da ya daɗe tsakanin digiri 400 zuwa 900 yakan rasa kariyarsa daga tsatsa, wayar kuma ta yi laushi. Idan ta yi ja wur, a jefar a sake lanƙwasa wata.

A wanke ragowar fulas da ruwan zafi, a sassabe tudun da dutsen guga, a goge da roba har ya yi santsi. Kafin a mayar wa likita, a duba wurin liƙin da madubin ƙara girma. Idan akwai rami ko da kamar bakin allura ne, abinci zai maƙale a ciki, sai a sake liƙin.