Yadda za ka nuna fim ɗin 'yan badujalar sakandaren Amurka, ka kuma gano abin da 'yan kallo suka ji da gaske

Duk wanda ya taɓa tara mutane ya nuna musu fim ya san wannan abun: ana gamawa ka kunna fitila ka ce "to jama'a ya kuka gani?" sai wuri ya yi tsit, can wani dattijo a layin gaba ya gyara murya ya ce "ya yi kyau, Allah ya saka da alheri", kowa ya ce amin a fara laluben takalma. Shikenan ka tashi a tutar babu. Ba wai ba su ji komai ba ne fa, kara ce irin tamu, mutumin da ka ba kujera ka ba shi ruwan sanyi ba zai dubi tsabar idonka ya ce maka rabin fim ɗin gyangyaɗi ya yi ba.

Ni dai nakan nuna wa ɗaliban sakandare da iyayensu dokumentari, wato fim na labarin gaske ba wasan kwaikwayo ba, lokaci lokaci a ɗakin taron wata makaranta, kuma wanda ya fi koya mini hankali shi ne na yara 'yan badujala na Amurka, waɗannan da ke maci suna busa da kiɗa cikin kayan sarki masu kyalli. Karon farko na kwafsa sosai. Karo na biyu na gyara, kuma abin da na gyara ɗin ne zan zayyana muku.

Kafin komai ka zauna ka kalli fim ɗin kai kaɗai daga farko har ƙarshe, da biro da takarda, kana rubuta minti nawa kowane abu ya faru. Wanda na nuna sunansa The Whole Gritty City, an yi shi a birnin New Orleans, tashar CBS ta taɓa nuna shi a 2014, yana bin ƙungiyoyin badujala uku na yara suna shirin bikin Mardi Gras, babban bikin fareti da ake yi a titunan birnin duk shekara, a shekarun da suka biyo bayan guguwar Katrina ta watan Agustan 2005 wadda ta nutsar da mafi yawan birnin. Akwai kisa a labarin, akwai makoki, kuma kamar yadda aka saba a faretin can akwai 'yan mata masu rawa da kayan da a nan garin sai an yi salati. Dole ka san daidai inda waɗannan suke tun kafin ranar, ka yanke shawara da shugaban makaranta ko za a tsallake ko za a gargaɗi mutane, don in ya zo maka ba shiri a gaban iyaye to maganar da za a tafi da ita gida kenan, ba wanda zai tuna da sauran. Sannan batun izini, nuna fim a bainar jama'a ba ɗaya yake da kallo a ɗakinka ba, ka rubuta wa masu fim ɗin ka nemi yardarsu, in kuma a Kano kake ka tuna akwai hukumar tace fina-finai da ke da ta cewa a kan irin wannan.

Yanzu ga inda na faɗi a karon farko. Na kunna fim kawai ba tare da na yi wa kowa shimfiɗa ba, to mu a nan in an ce badujala abin da ke zuwa ran mutum shi ne sojoji ko 'yan sanda a filin fareti, ko kuma macin 'yan makaranta ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba, ganga biyu da begila ɗaya, a wuce gaban babban baƙo a sara masa a watse. Don haka da suka ga yaro yana neman yin kuka saboda malami ya ce bai iya busa ba sai dariya ta ɓarke, a ganinsu wane irin shirme ne wannan, a kan kiɗa? Ba laifinsu ba ne, laifina ne.

Saboda haka ka ɗauki minti biyar, kar ya wuce, ka faɗa musu abin da zai sa su gane nauyin abun a can. A Amurka sakandare da yawa suna da badujalarsu, darasi ne da malaminsa, yara suna dawowa makaranta tun hutu bai ƙare ba wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta su yini a rana suna atisaye. Daren Juma'a idan ƙungiyar makaranta na buga wannan ƙwallon tasu da ake sa hular kwano ana ture juna, su ne ke shiga fili lokacin hutun rabin lokaci. Filin yadi 100 ne, an ja layi duk bayan yadi 5, kuma takun da aka fi koya musu shi ne taku 8 a cikin yadi 5, wato kowane taku inci 22 da rabi, kusan santimita 57, ba ƙari ba ragi, kana tafiya gaba ko baya ko a karkace kana busa ka haddace waƙar a ka ka kuma san wurin da za ka tsaya a kowane ƙidaya. Ni har alli nake kawowa in zana layi biyu a ƙasa in kira yaro ɗaya ya gwada taku takwas ɗin, ba ya taɓa sauka daidai kan layi, a yi dariya, amma daga nan an fara girmama abun. Ka nuna musu hoton wannan ƙaton ƙahon da ke naɗe jikin mutum ya leƙo ta saman kai, susafon, sunan John Philip Sousa aka sa masa, na tagulla ya haura kilo goma kuma a New Orleans yaro zai saɓa shi ya yi tafiyar mil da mil a kan titi yana busawa. Akwai gasa ta ƙasa da ake yi duk watan Nuwamba a Indianapolis, akwai faretin Rose a Pasadena a farkon shekara, kuma wasu yaran ta wannan hanyar suke samun tallafin shiga jami'a. Wannan na ƙarshen kar ka manta da shi, yana faɗuwa a kunnen iyaye za ka ga sun gyara zama.

Amma fa iya nan. Kar ka ce musu fim ɗin zai sa ku kuka, kar ka ce darasin da ke ciki shi ne kaza. Kana faɗa ka gama lalata aikinka, don abin da ka faɗa shi za su maido maka a ƙarshe.

Batun harshe kuma, Turancin New Orleans ko wanda ya yi digiri sai ya kasa kunne. Ka kunna rubutun ƙasan allo, sannan ka samu mutum ɗaya mai nutsuwa da makirufo yana jefa taƙaitaccen bayani da Hausa a wuraren da kuka yi alama tun farko. Wannan ba sabon abu ba ne, tun zamanin majigin Turawa akwai mai fassara a gefe. Sai dai ka ja masa kunne kar ya mayar da shi irin fassarar fina-finan Indiya da ake ƙara gishiri da barkwanci, in ya yi haka dariyar da za ka ji tasa ce ba ta fim ɗin ba. Kuma in an fara kiɗa ya yi shiru. Sifika kuwa kar ka yi rowa, fim ɗin badujala da ƙaramar sifika kamar tuwo ne ba miya, in babbar ganga ba ta daki ƙirjin mutum ba to bai kalli komai ba. Janareto a kai shi can nesa da taga, a cika shi da mai tun da rana.

To ga ainihin sirrin, kai ranar ba kallon fim ka zo ba, ka riga ka kalla. Mutane ka zo kallo. Ka ɗauki kujera ka zauna a gefe can gaba inda hasken allo ke dukan fuskoki, ba a baya ba inda ƙeya kawai za ka gani, ka samu mace ɗaya ta zauna ta ɓangaren mata ta yi irin aikin don akwai abin da ba za su yi ba in namiji na kallonsu. Takardar nan da ka rubuta mintoci tana hannunka, duk abin da ka gani ka sa alama a gefen mintin. A cikin duhu Bahaushe ba ya kara. Ka kula da hasken waya, wannan shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya, duk inda ka ga wayoyi sun fara haskawa nan da can to an saki mutane, inda kuma suka mutu gaba ɗaya an kama su. Ka kula da ƙafafu, yara maza ba za su ce kiɗan ya burge su ba amma ƙafar tana bin ganga a ƙarƙashin benci. Ka saurari tsaki, ka saurari "kai!", ka saurari "Allah sarki" da "innalillahi" da ake yi ƙasa ƙasa, kowanne da ma'anarsa. Ita ma dariya kala kala ce, akwai ta jin daɗi, akwai ta raini, akwai wadda ake yi don a ɓoye cewa abu ya taɓa zuciya, samari sun ƙware a wannan ta ukun, za ka gane ta don gajeriya ce kuma mai yin ta yana waigen abokinsa.

Abin da ya ba ni mamaki a nawa takardar, wuraren faretin da na ɗauka su ne za su tashi ɗakin, eh an yi ihu an yi tafi, amma inda aka fi yin shiru na gaske shi ne duk lokacin da malami ya tsayar da atisaye yana yi wa yara faɗa irin na uba. Ta ɓangaren iyaye maza har da gyaɗa kai. Wata Hajiya kuma, kamar yadda mai taimaka mini ta faɗa daga baya, tun daga wurin makoki ta ja mayafi ta rufe baki ba ta sake ba har aka gama, kuma ita ce da aka tambaya a fili ta ce "ba komai, ya yi kyau".

Ana gamawa kar ka kunna fitila nan take, ka bar sunaye su ɗan hau, mutane su share abin da za su share. Kuma don Allah kar ka ba babban baƙo makirufo da farko. In shugaban makaranta ko mai unguwa ya riga ya ce fim ɗin yana koyar da tarbiyya to an rufe ƙofa, babu ɗalibin da zai zo bayansa ya ce wani abu daban. Ka je tun kafin a fara ka roƙe shi, "ranka ya daɗe, so muke kai za ka rufe mana taro da addu'a", zai ji daɗi kai ma ka samu abin da kake so.

Raba su za ka yi, yara maza gefe, 'yan mata gefe, iyaye gefe, kowane rukuni da mai tambaya ɗaya. Tambayar "ya kuka gani" a jefar da ita. Tambayi abin da ba a iya amsawa da "ya yi kyau": wane yaro ne a ciki ka fi tunawa, me ya sa shi? A wane wuri ne ka ji kamar ka tashi ka fita? In ƙaninka ya ce zai shiga irin wannan ƙungiyar za ka bar shi? Wannan ta ƙarshen ita ce ke kunna wuta, don nan ne maganar da ke ƙasa take fitowa, wani uba ya ce mini "Malam, gaskiya horon ya burge ni amma ni ɗana ba zai zama makaɗi ba", wani na kusa da shi ya ce to ai masu busa kakaki a fada ma makaɗa ne kuma ba wanda ke raina su ranar hawan sallah, na farkon ya ce ai su gado suka yi. Suka yi ta yi. Ni ban sa baki ba, kai ma kar ka sa, rubutu kawai za ka yi, kuma ka rubuta da kalmomin da suka faɗa ba naka gyararren ba. In za ka naɗi murya ka nemi izini tukuna, yara kuwa kar ka ɗora fuskarsu a Facebook ko TikTok ba da sanin iyayensu ba.

Ga masu kunya ka raba 'yan ƙananan takardu, ba suna, tambaya biyu kawai, a jefa a kwali a bakin ƙofa. Hausa ko Turanci ko ajami duk wanda ya fi wa mutum sauƙi. Wasu za su zana maka ganga kawai, ka ajiye, ita ma amsa ce.

Da daddare ka haɗa ukun wuri guda, alamomin da ka yi cikin duhu, abin da aka faɗa a rukuni, da takardun kwali. Inda suka yi daidai ba sai ka ɓata lokaci ba. Inda suka saɓa nan za ka tsaya, misali a baki yara maza sun ce faretin ne ya fi burge su amma a takarda ba suna da yawansu maganar malamin suka yi, ɗaya ya rubuta cewa shi bai taɓa ganin malami ya san gidan ɗalibinsa ba. Kuma kar ka ɗauki mutum uku masu baki ka ce "jama'a sun ce", ka rubuta su nawa suka zo, su nawa suka yi magana, su nawa suka fita kafin a gama, har da waɗanda suka fita sallah ba su dawo ba. Wannan ma wani kuskuren nawa ne, na fara bayan la'asar fim ɗin ya ci karo da magariba, yanzu bayan isha'i nake farawa ko da safe ranar Asabar a rufe tagogi da barguna.

Sai ka koma makarantar bayan kwana uku ko huɗu, ba da takarda ba, ka zauna wajen mai shayi ko ofishin malamai ka ji me ya rage a bakin mutane. Ni da na koma na tarar 'yan aji biyu sun zana layuka da gawayi a bayan ajinsu suna ƙidaya taku takwas, ɗaya na dukan jarka, mai gadi kuma yana ta ƙorafin sun hana shi barcin rana. Malamin wasanni ya ja ni sito ya nuna mini ganguna uku da fatarsu ta yage tun ba a san shekarar ba, ya tambaye ni ko na san mai ɗaure ganga a cikin gari da ba zai tsuga kuɗi ba.