Yadda Za a Gane Mai Magana a Tsohon Jawabin Siyasa

Wata rana bayan sallar la'asar, a majalisarmu ta gindin darbejiya a wani ƙauye na ƙasar Ringim, wani matashi ya kunna mana murya a wayarsa, ya ce jawabin Sardauna ne. Kusan kowa ya yarda, har wani dattijo ya fara yi wa marigayin addu'a, sai tsohon malaminmu na firamare ya ce, "Ɗana, mayar mana da shi wurin da ya yi maganar kuɗi." Da aka mayar, sai ga mai jawabin yana lissafi da naira. An kashe Sir Ahmadu Bello a ranar 15 ga Janairun 1966, ita kuwa naira ba ta fara aiki ba sai 1 ga Janairun 1973. Abin ya dame ni ƙwarai, domin mutanen da ke ƙaunar shugabannin nan har zuci ne suka kasa bambance muryoyinsu.

Saboda haka, abu na farko shi ne ka ajiye batun murya, ka saurari abin da ake ambatawa. Wanda ya yi lissafi da naira, ba kafin 1973 ya yi magana ba. Adadin jihohi ma babban ma'auni ne, domin Janar Gowon ya ƙirƙiro 12 a 1967, Janar Murtala ya mayar da su 19 a 1976, suka zama 21 a 1987, sannan 30 a 1991, shekarar da aka cire Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, kafin su cika 36 a 1996. Duk jawabin da ya ambaci Jihar Jigawa ba zai zama na Malam Aminu Kano ba, tun da ya rasu a Afrilun 1983. Haka sunayen jam'iyyu suke: NEPU da NPC na zamanin Jamhuriya ta Farko ne, PRP da NPN kuma na Jamhuriya ta Biyu.

Daga nan sai ka duba harshen da aka yi jawabin da shi, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Jawabin Abubakar Tafawa Ɓalewa na ranar samun 'yancin kai, 1 ga Oktoban 1960, da Turanci ya yi shi a Ikko, haka ma wanda Murtala ya yi a Adis Ababa a Janairun 1976 kan batun Angola. Abin da ya iso kunnen iyayenmu a karkara fassarar gidan rediyo ce, shi ya sa suke riƙe da ma'ana amma ba su riƙe murya ba. Idan aka turo maka ɗaya daga cikinsu da Hausa, to ka sani mai fassara kake ji. Na baya-bayan nan ma haka ne. Mutane da yawa sun haddace cewa Buhari ya ce shi na kowa ne kuma ba na kowa ba ne a 2015, alhali da Turanci ya faɗe ta.

Sai kuma ka kai wa dattawan da suka halarci lacca da ƙafarsu, musamman waɗanda suka bi Malam ko Abubakar Rimi zuwa taro, domin da Hausa ake yi wa talakawa lacca. Kada ka faɗa musu sunan da aka liƙa wa faifan. Ka kunna, ka yi shiru, kuma ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, domin a majalisa da zarar babba ya ambaci suna, kunya takan hana saura musawa. Yanzu da na'ura ke iya kwaikwayon muryar mutum, shaidar kunne kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa ta da shekara da wuri. Idan dattawan sun saɓa, ka rubuta abin da kowa ya faɗa, ranar da ka shiga Kano ka bi ta Gidan Mambayya da ke Gwammaja, inda ake adana tarihin Malam, ka tambayi ma'aikatan wurin.