Yadda za ka ci moriyar tafiyar koyon hawan igiyar ruwa kan murjani

In ka riga ka iya tsayuwa kan allo a inda ƙasan ruwa yashi ne, to kan murjani, wato irin duwatsun nan da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, wani abu ne daban, igiyar tana karyewa wuri ɗaya kullum amma ƙasa duwatsu ne masu kaifi. Nemi tafiyar da koci zai riƙa ɗaukar ka bidiyo ku zauna ku kalla da yamma, nan za ka ga ashe kana makara wajen miƙewa. In wurin zuwa kake nema, tsibiran Mentawai a Indonesiya sun fi igiya daga Afrilu zuwa Oktoba. Fara shiga lokacin da ruwa ya cika, ka bi ta inda ya yi zurfi. In za ka faɗi, faɗi a kwance, kar ka soma da kai. Murjani ya yanke ka? Wanke wurin nan take.